Kujerar Traudi

"Baya kawai, Baba. Daga ƙofar baya har zuwa but. Gaba ba a taɓawa."

"Motar tawa ce ko ta gwamnati?"

"Motar taka ce. Gilashin gaban ne na gwamnati."

"To ai matata a gaba take zama."

"Sai ta koma baya."

Wanda ake ce wa Baba ɗin Ottmar Pawlak ne, tsohon direban tasi a Gelsenkirchen, mai shekara saba'in da huɗu. Mai ba shi amsa kuwa Levent ne, da ke liƙa wa gilasan motoci baƙar leda a wani gareji bayan tashar jirgi. Levent bai ga abin zafi a maganarsa ba, don sau goma yake faɗinta a rana.

Ottmar ya shiga ramin haƙar kwal yana ɗan shekara goma sha shida, kamar ubansa. Da aka rufe ramin sai ya kama tasi, ya yi shekara talatin da takwas a kan sitiyari. Mutanen garin, in mutum shi kaɗai ne, ƙofar gaba yake buɗewa ya zauna kusa da direba. Ban da a motar Ottmar. Kullum akwai fulas da jarida da kwanon abinci a kan kujerar, fasinja ya leƙa ya ja tsaki ya koma baya. Kujerar ta matarsa ce, Edeltraud, wadda kowa ke kira Traudi. Ran Lahadi yake kwashe kayan, su kama hanyar tafkin Haltern, tana ɓare masa dafaffen ƙwai tana gyara masa tuƙi, ita da ba ta taɓa riƙe lasisi ba.

Bara ciwo ya kama idonta. Haske ya zame mata kamar allura, baƙin tabarau ma bai hana na gefe shigowa ba. Ottmar ya haɗa takardar likita ya rubuta wa ofis a ba shi izinin rufe gilashin gaba. Wata biyar ko amsa babu, shi ya sa ya zo wurin Levent.

Levent ya shimfiɗa masa leda iri uku a kan bonet: mai ɗan duhu, matsakaiciya, da wadda haske kashi biyar cikin ɗari kawai ke ratsa ta. Ya ba shi shawarar ta tsakiya, ya ce aƙalla Mama za ta riƙa ganin bishiyoyi. Ottmar ya ce shi bai zo sayen rabin duhu ba, kuma ba ɗan da aka haifa jiya ne zai koya wa mutumin rami duhu ba. Ya ɗora yatsa a kan baƙa wuluk.

Lahadin da ta biyo baya Traudi ta shiga baya. Ottmar ya ɗaga ido a madubi, abin da ya gani kawai ƙyallin tabarau ne. Daga nan jikinsa ya yi abin da ya saba yi in akwai mutum a baya. Ya gyara zama, ya rage rediyo, ya kama bakinsa, domin direban kirki ba ya fara yi wa fasinja magana. Sun yi minti ashirin a haka. Da suka zo mararraba, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ta babban titi za mu bi, Madam, ko ta cikin gari?"

Ya ji abin da ya faɗa. Ya so ya mayar da shi wasa, dariyar ta ƙi fitowa. A bakin tafkin kuma, yana taka birki hannunsa ya tafi inda mitar kuɗin tasi take a da, ya danna wurin da babu komai.

"Nawa ne, direba?" in ji Traudi.

Ta ajiye masa yuro biyu a kan kujerarta ta gaba, ta ce ya riƙe canji. Ba ta fita ba. Ƙwan ma a jaka suka koma gida. Tun ranar ba ta sake shiga motar ba. Ko asibiti za ta, sai ta ja hula har hanci ta tafi jiran bas, ta ce can dai kowa ya san shi fasinja ne.

Ottmar ya koma wurin Levent ya roƙe shi ya rufe gaban a ɓoye. Levent ya ce 'yan sanda za su tsayar da shi su sa ya ɓare ledar da farcensa a bakin titi, shi kuma a rufe masa shago. Yana goge hannu ya ƙara da cewa, "In hirar ce ta dame ka, Baba, ka koma bayan ku zauna tare mana." Ottmar ya tambaye shi ko uban wa zai ja motar, ya fice.

Amma akwai mai ja. 'Yarsu Silke shekara biyu tana neman makullin motar nan, tun da ya gogi ƙofar gidan maƙwabci da motar. Ya san in makulli ya shiga jakarta ya shiga ke nan.

Sati uku ya yi yana juya maganar. Wata la'asar ya sauko, ya buɗe ƙofar baya ya zauna, karo na farko a rayuwarsa. Rana na haskawa sosai a waje, amma ciki kamar an kashe fitila a rami. Wata maƙwabciya ta zo wucewa da karenta, ta tsaya ta gyara gashinta a gilashin, hancinta dab da nasa, ta wuce ba ta san da mutum ba. Ya dubi ƙeyar kujerar direba ya daɗe. Sannan ya zaro waya.

"Silke, ni ne. A'a, lafiya lau take. Ki zo ran Lahadi ki kai mu Haltern. Makullin yana rataye a kicin, ki ɗauka da kanki, kar ki sa in miƙa miki."