Macijin Rumbun Ayuba

Jama'a, wallahi abin nan ni ya faru da ni, ba a bakin kasuwa na ji ba, kuma na daɗe ina jin nauyin faɗarsa. Lokacin ina noma a wani ƙauye can gefen Randagi, inda gonaki ke haɗewa da daji, shekarar da aka haifa mini 'yata ta fari.

Maƙwabcina Ayuba, mutumin Gbagyi ne, tare muka taso, danga ɗaya ce ta raba rumbunsa da nawa. Iri ɗaya muke shukawa, amma kafin bazara ɓeraye sun mayar da masarata dusa, tasa kuwa tas kamar ranar aka zuba. Dalili wani maciji ne da ke ƙarƙashin rumbunsa tun zamanin babansa, irin mai cin ɓeran nan marar dafi, kaurinsa bai wuce babban yatsana ba. Ba sa kashe shi, kullum da safe Ayuba zai zuba masa ruwa a wani tsohon kasko.

Allah ya yafe mini, abin ya tsaya mini a rai. In na ji matarsa tana surfe sai in ji kamar a ƙirjina ake dakan. Ko salla nake sai in tsinci kaina a rumbun Ayuba, in rasa raka'a nawa na yi, in sake daga farko. Da me ya fi ni?

Wata Lahadi da hantsi, sun tafi coci, na tsallaka danga da buhu. Macijin bai gudu ba, da kansa ya sulale cikin buhun. Na kai shi ƙarƙashin rumbuna ina ta gaya wa kaina ai maciji ba dukiyar kowa ba ne, don haka ba sata na yi ba.

Cikin mako guda ɓera ya ƙare a gidana. Na yi murna, har da na ji matar Ayuba tana kukan ɓeraye sai na ji wani sanyi a raina, astagfirullah. Sai ran nan na leƙa na sami macijin da gafiya a baki, gafiya kamar kyanwa, ya haɗiye rabinta, wuyansa ya buɗe har ana ganin fatar da ke tsakanin ɓawonsa. Washegari ya koma siriri kamar bai ci komai ba. Bayan kwana biyu zakarana ya bi, ina tsaye ƙafafunsa suka shige.

Ayuba ya leƙo ta danga ya ce, "Maƙwabci, ko ka ga ɗan hayarmu? Ya tashi ba sallama."

Na ce ban gani ba.

Ya dube ni ya ce, "To, Allah ya sa daji ya shiga. Baba ya ce in bai sha ruwan kaskon nan ba, ba ya ƙoshi."

Da na faɗa masa a lokacin! Amma na tuna masarata, na fasa. Na nemo kasko sabo na zuba ruwa, macijin ko kallonsa bai yi ba. Ɗan akuya na kwana uku ma ya ɓace.

Ranar da abin ya kai ƙarshe, bayan azahar ne, uwar yarinya ta kwantar da ita a tabarma a gindin mangwaro, ta lulluɓe ta da zane ta tafi rijiya. Na dawo daga masallaci na tarar da macijin a miƙe yana haɗiyar zanen a hankali, ya ci fiye da rabi, bakinsa ya riga ya taɓa tafin ƙafarta ta hagu. Innalillahi! Na fizge ta, na tsallaka danga ina kiran Ayuba, na faɗa masa komai ina kuka.

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ɗauko kaskonsa ya ajiye a bakin tabarmar. Macijin ya amayar da zanen, wallahi a bushe, ya sha ruwa, Ayuba ya ɗauki kasko ya juya, shi kuma ya bi bayansa kamar ɗan kare. Abin da Ayuba ya ce kawai, "Da ka tambaya, ai da na ɗebo maka masara."

Na tambayi malamai, na tambayi wani maharbi, ba wanda ya ba ni amsa. Yarinyar ta girma lafiya, amma ko a tsakiyar zafin bazara tafin ƙafar nan sanyi ƙalau yake, uwarta ba ta san dalili ba sai ni. Kuma kada in yi muku ƙarya, har yau in na ga masarar Ayuba sai na ji abin ya motsa mini, sai in yi a'uziyya in je in taɓa ƙafar 'yata.

Don Allah, in ka ga abu yana zaune lafiya a gidan wani, ka bar shi a can. Ba ka san abin da ke ƙosar da shi ba.