Hedimasta da 'Yan Alkafura

Mahaifinmu ya yi shekara talatin da biyu yana aikin makaranta, goma sha takwas daga ciki a kujerar hedimasta, kuma sunan bai sake shi ba har bayan ya yi ritaya. Mai kanti Hedimasta yake ce masa, mai wankin mota ma haka, har Inna, mahaifiyarmu, in ta ji haushinsa da sunan take kiransa. Ni ce autarsa, ni kaɗai na rage a gidan a lokacin, don haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Watan farko na ritaya ya wuce lafiya, don a jera tsofaffin takardu ya cinye shi. A wata na biyu ya juyo kanmu. Ya fara shiga kicin yana tambayar Inna dalilin da ya sa gishiri yake zaune kusa da sukari. Ya liƙa takarda a bayan ƙofar banɗaki mai bayanin yadda ake rufe famfo. Inna ta yi ta haƙuri har ranar da ya ɗaga murfin tukunyarta ya ce yana ganin ruwan ya yi yawa. Ta ajiye ludayi ta ce, "Hedimasta, hau sama ka sha iska." Gidanmu bene ne, a samansa akwai fili da tankin ruwa da igiyar shanya. Can ya koma zama kullum da yamma, shi da kujerarsa ta roba.

A can ya ga tantabarun. Sun kai ashirin, suna kewaya saman layin da ke bayanmu. Suna cikin tafiya sai ka ga wasu sun tsaya cak, sun kifa ta baya, suna juyawa suna gangarowa kamar an saki ƙwallo, can kuma su buɗe fiffike su koma cikin 'yan'uwansu. Baba ya yi kwana uku yana kallo, sannan ya yanke hukunci cewa farfaɗiya ce. Ya sa hula ya tafi neman mai su don ya gargaɗe shi.

Ashe mai faci ne a ƙarshen layin, mutum mai kimanin shekara arba'in, furfura ta fara fito masa a gemu. Rumfar kwano ce da tsibin tayoyi da injin iska da bahon baƙin ruwa na gwada tif, a bayanta kuma ɗakin tantabara na katako da waya. Yana ganin Baba ya miƙe yana goge hannu a wando, ya rusuna. Baba ya gane shi. Na-Baya ake ce masa a makaranta, don kullum a bencin ƙarshe yake zama. Sau biyu ya maimaita aji huɗu, kuma Baba da hannunsa ya rubuta a takardar sakamakonsa cewa kan yaron nan ba ya ɗaukar karatu. Shi Na-Bayan ne ya ba ni labarin yadda suka yi, ranar da ya zo sayen magani a kemis ɗin da nake aiki.

"Tsuntsayen nan naka ne?" in ji Baba.

"Nawa ne, Malam."

"To ba su da lafiya. Faɗuwa suke yi a sama. Ka kai su wajen likitan dabbobi tun abin bai bazu ba."

Na-Baya ya ce sai da ya ciji leɓe don kada dariya ta ƙwace masa. "Malam, ai saboda wannan ake kiwonsu. Alkafura ce. Wadda ba ta yi ita ce ba ta da amfani."

Baba ya juya yana kallon tayoyi. Can ya ce, "Na sani. Gwada ka nake yi."

Bayan mako guda kafinta ya hau samanmu ya buga ɗakin tantabara, Baba ya shafe shi da farin fenti. Na-Baya ya so ya ba shi 'yan shila, waɗanda ba su daɗe da fara cin abinci da kansu ba, don su tashi da sanin gidanmu. Baba ya ce shi ba zai koma aji ɗaya da girmansa ba, a ba shi manya da suka riga suka iya aikin. Na-Baya ya ba shi huɗu, ya ce a rufe su aƙalla mako shida, kuma ko da hakan ma ba tabbas. A rana ta huɗu Baba ya leƙa, ya ce daga ganin idonsu sun saba. Ya kira ni da Inna muka hau, ya yi ɗan jawabi, ya buɗe ƙofa. Suka tashi, suka yi kewaye ɗaya a kanmu, suka miƙa sak zuwa rumfar mai faci.

Inna ta ce, "An tashi daga makaranta ke nan?" Ta sauka abinta.

Haka Baba ya karɓi 'yan shila shida, da ƙa'idoji. A riƙa sa su a kejin waya a saman ɗakinsu kullum da yamma har mako biyu, su ƙare wa unguwa kallo. Abinci sau ɗaya a rana, a auna, kuma kafin a zuba a kaɗa gwangwanin hatsi su ji ƙararsa, don da ita za a riƙa kiransu. In an fara sakinsu kuwa, da yunwa za su tashi, sai sun sauko su ci. Baba ya rubuta duk wannan a littafi mai layi, amma maganar yunwa ba ta kwanta masa ba. Ya ce min, "Auta, shekara talatin da biyu ina faɗa wa iyaye cewa yaro mai yunwa ba ya karatu. Yanzu mai faci zai sauya min ilimi?" Ya cika musu faranti da alkama da wake, yana kuma ƙara musu gyaɗa in ya ga sun yi ɗabi'a mai kyau.

Ranar da aka sake su, da ƙyar suka kai kwanon talabijin na maƙwabcinmu. Suka jeru a kai suna gyaran gashi. Baba ya ɗaura tsohon mayafin Inna a gora yana kaɗawa, suka koma kan tanki. Ya kaɗa gwangwani, ko juyowa ba su yi ba, don a ƙoshe suke. Sai ya sauka ya ɗauko ƙararrawar hannu da malamai suka ba shi ranar bankwana, ya hau ya buga ta da ƙarfi. Tantabaru suka watse zuwa turken lantarki. Rabin mutanen layinmu kuwa tsofaffin ɗalibansa ne. Matar maƙwabcinmu ta ce mijinta, direban babbar mota mai 'ya'ya biyar, yana barcin yamma ya zabura ya fara neman takalmi.

Washegari Na-Baya ya rufe rumfa ya zo. Ya gaishe da Inna a tsugune, ya hau sama, ya sa hannu ya kamo guda, ya tattaɓa ƙirjinta.

"Malam, wannan ai ta yanka ce. Wa ya ce a ba su gyaɗa?"

Baba ya juyo ya dube ni. Na ɗauke kai na kalli tanki.

"An samu ɗan kuskure wajen aiwatarwa," in ji shi.

Na-Baya ya nufi ɗakin tantabarun. Ya zubar da abin da ke faranti cikin buhu, ya ɗaure bakinsa, ya nemi ƙaramin gwangwanin madara ya ja masa layi da ƙusa ya ce iyakar nan ke nan. Daga ranar ya riƙa zuwa bayan kwana bibbiyu. Ladabinsa bai ragu ba ko kaɗan, a rusune yake magana, amma duk abin da ya fito bakinsa umarni ne. "Malam, a rage." "Malam, ba haka ake riƙe ta ba, ƙafafun a tsakanin yatsu, babban yatsa a kan fiffike." "Malam, ruwan nan na jiya ne." Ni kuwa na ga abin da ban taɓa zaton zan gani ba: Baba a durƙushe da wani ƙarfe yana kankare kashin tantabara, mutumin da ko allon aji ba ya gogewa da kansa.

Ƙiba ta sauka, suka fara tashi sosai. Sai dai wata uku cur kewaye kawai suke yi, ba wadda ta juya ko sau ɗaya. Baba ya fara zargin ko an ba shi na banza ne don a rama tsohon haushi. Ana nan wata yamma wani namiji mai ja da fari ya tsaya a sama ya zauna a kan jelarsa kamar zai faɗi, ya fasa. Bayan kwana biyar ya kifa gaba ɗaya. Baba ya sauko matakala da saurin da ya tsorata Inna, ya ce mu zo mu shaida. Muka hau muka yi minti ashirin wuyanmu a sama, tsuntsu bai sake yi ba. Duk da haka ranar Baba ya raɗa masa suna Monita.

Monita ya ci gaba. Daga juyi ɗaya ya koma uku, ya koma abin da ido ba ya iya ƙirgawa, yana gangarowa ƙasa sosai kafin ya buɗe fiffike. Baba sai murna, har ya fara cewa irin tarbiyyar da aka ba shi ce. Na-Baya kuwa ya tsaya ya kalla ya girgiza kai.

"Malam, wannan ya iya farawa, bai iya tsayawa ba. A rufe shi mako biyu, a ƙara masa abinci ya yi ƙarfi."

"A da ka ce a rage, yanzu ka ce a ƙara."

"Wancan lokacin daban, Malam."

Baba ya ce to. Amma ya riga ya gayyaci abokansa biyu, tsofaffin malamai, su zo kallo ranar Asabar, kuma Monita ne abin kallon. Ya ce min sau ɗaya tak ba zai yi komai ba, daga Lahadi sai a rufe shi. Baƙi suka zo, na kai musu shayi sama, aka saki tantabaru. Monita ya hau can ƙololuwa, ya kifa, ya yi ta juyawa yana saukowa. Tsohon malamin lissafi ya fara tafi. Tsuntsu bai buɗe fiffike ba sai da ya bugi murfin tanki.

Bai mutu ba, fiffiken hagu ne ya karye. Baba ya ɗauke shi da hannu biyu, ya miƙo min. Na wanke wurin, na naɗe fiffiken a jikinsa da bandeji. Baƙin suka shanye shayinsu a gaggauce suka tuna suna da uzuri. Abincin Baba haka aka mayar da shi kicin ranar. Da safe ya tafi rumfar mai faci, ya tsaya a gefen injin iska har aka sallami wani mai babur, sannan ya ce, "Ka faɗa min." Na-Baya ya ce a iya saninsa da Baba bai taɓa jin ya matso kusa da ban haƙuri kamar haka ba. Ya amsa masa da cewa shi ma uku ya rasa kafin ya gane. Monita ya warke amma bai ƙara tashi ba. Yana nan yana yawo a ƙasa tsakanin tanki da igiyar shanya, shi kaɗai aka yarda a ba gyaɗa.

Bayan shekara guda aka ce za a yi wa Na-Baya aiki a asibiti, zai yi kwana goma ba ya nan. Yana da abokan kiwo da suka fi Baba daɗewa a harkar, amma Baba ya ba mabuɗin ɗakin tantabarunsa. Baba ya dawo gida da shi a aljihun gaba yana taɓawa. Kullum da la'asar sai ya tafi rumfar, ya bi ta tsakanin tayoyi, ya saki tsuntsaye, ya tsaya da gwangwani. Sau biyu masu mota suka tsaya suka ce, "Baba, a ɗan duba min iska." Na farko ya sha faɗa. Na biyu kuwa Baba ya nuna masa wani mai facin a bakin titi, har ya ƙara da cewa aikinsa bai kai na mai wurin nan ba.

A rana ta takwas shaho ya faɗo cikinsu. Suka tarwatse ko'ina. Baba ya yi ta kaɗa gwangwani har hannunsa ya gaji, suka dawo ɗaya-ɗaya, ban da guda: wata shuɗiya mai farin kai, wadda Na-Baya ya fi ji da ita. Kwana biyu Baba yana bin layi-layi yana kallon rufin mutane. Da ya fid da rai sai ya zauna a teburinsa ya rubuta rahoto shafi biyu: lokacin da aka sake su, inda iska ta fuskanta, ta gefen da shaho ya ɓullo, da matakan da aka ɗauka. A ƙarshe ya rubuta cewa alhakin yana wuyan mai kula, wanda ya kamata ya duba sama kafin ya buɗe ƙofa. Ya sa hannu da kwanan wata.

Ranar da Na-Baya ya dawo na raka Baba gidansa da magungunan da aka rubuta masa. Yana kishingiɗe a tabarma ya yunƙura zai tashi, Baba ya hana shi. Baba ya ƙi zama. A tsaye ya faɗi abin da ya faru, ya miƙa takardar. Na-Baya ya karɓa da hannu biyu, ya ninke ta huɗu, ya tura ƙarƙashin matashi.

"Ba komai, Malam. Kowa da ke saki yana rasawa. Sauran sun ci abinci?"

"Sun ci."

"To shi ke nan. Allah ya saka da alheri."

Muka yi sallama muka fito. Muna shiga gida Baba ya cire hula ya wurga kan kujera. Inna ta tambaya ko jikin ne ya tsananta.

"Jiki da sauƙi. Amma ko karantawa bai yi ba. Tsuntsu ya ɓata a hannun mutum, ba tambaya, ba bincike, sai ba komai. Haka ake tafiyar da aiki?"

Inna ta ci gaba da ninke wanki. Ta ce, "To ka koma ka roƙe shi ya sa ka kama kunne mana."

Baba ya buɗe baki zai amsa, sai ya tuna bai sauya wa nasa tantabarun ruwa ba tun safe. Ya ɗauki bokiti ya hau sama.