Baban Hanta da Dokarsa ta Shekara Saba'in

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin, wanda asibiti kaf ke kira Baban Hanta, a shekarar 1941 a wani ƙaramin gari na bakin kogi. Mahaifinsa maɗinki ne, mahaifiyarsa ungozoma. Ya kammala karatun likita a 1968, daga bisani ya ƙware a tiyatar hanta da bututun maɗaciya, har ya zama shugaban sashen tiyata na asibitin da yake aiki.

Aiki da Iyali

Ya yi aure a 1970, Allah ya azurta shi da zuriya. A 1983 bututun maɗaciyar mahaifinsa ya toshe, tsohon yana da shekara saba'in da shida. Baban Hanta ne ya dage sai an yi masa tiyata, tsohon kuwa bai farfaɗo ba. Tun daga ranar ya kafa doka a sashensa: duk wanda ya haura saba'in, wuƙa ba ta taɓa hantarsa. Mutum ne mai taurin kai na gani kashe ni. Tsofaffi da dama ya sallama gida da ƙwayoyi, 'ya'yansu suna magiya a ƙofar ofishinsa.

Jinya

A 2015, yana da shekara saba'in da huɗu, idanunsa suka rine da ciwon shawara. Da kansa ya ɗaga hoton cikinsa ga haske, ya ga ƙari a daidai wurin da ya kashe mahaifinsa. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Shugabar sashen a lokacin tsohuwar ɗalibarsa ce, ita ya roƙa ta yi masa tiyata.

“Malam, dokarka ce fa,” in ji ta.

“Na sani, 'yata. Tsoro ne ya kafa ta, ba ilimi ba. Duba min zuciya da ƙoda, ki ƙyale shekarun.”

Ta duba, ta amince. Aikin ya cinye wuni guda. Jini ya ɓalle, aka yi ta ƙara masa wani, matarsa tana zaune a baranda ta kasa ko kurɓar ruwa. Bayan tiyata zazzaɓi ya sa shi gaba har aka fara fid da rai, sannan ya tashi.

Ya ƙara shekara shida a duniya. Bai yi farin ciki da su yadda iyalinsa suka zata ba, domin kullum tunanin waɗanda ya sallama gida yana cin sa.

Rasuwa

Ya rasu a 2021 a ɗakinsa, aka yi masa sutura, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: malamar makaranta, injiniya, da auta mai sayar da magani. Ya kuma bar jikoki tara, huɗu daga cikinsu bayan tiyatar aka haife su, kuma duk ya ɗauke su a hannunsa.