Inda Yaya Fuseini yake yanke fim

Shekara bakwai ke nan da muka rasa Yaya Fuseini, Allah ya jiƙansa. Ni ƙanwarsa ce, kuma ajin adabin da ya bari a wata sakandare da ke unguwar Lamashegu ni aka danƙa wa. Wasu ranakun ina jin gado ya bar mini, wasu ranakun kuwa ji nake an kulle ni a ɗaki an tafi da makulli.

Akwai wani tsohon littafi da manhaja ba ta gajiya da shi, labarin yaron ƙauye da ya taso har ya hau mota zuwa birni neman abin kansa. Marubucin ya ajiye alƙalami daidai inda motar ta tashi, uwar yaron tana tsaye a bakin titi. Masu fim suka ga abin bai yi musu daɗi ba, sai suka ƙara nasu: yaro ya dawo da motar kansa, uwa ta rungume shi, kiɗa yana tashi.

In an gama karanta littafin, Yaya yakan ɗaure talabijin ɗinmu na gida a bayan babur tun daga unguwarmu Nyohini. A aji sai ya ja kujera kusa da soket, ya yi kamar mai gyangyaɗi. Motar na tashi, sai ya sa ƙafa ya zare waya. Yara su ɗauki ihu an ɗauke wuta, alhali fanka tana juyawa a kansu. Shi kuwa ya miƙe ya ce, "To, ku gaya mini, ya dawo ko bai dawo ba?" Nan aji ke kacamewa da gardama, Dagbani da Hausa da Turanci a cakuɗe, har a kaɗa ƙararrawa ba wanda ya ci nasara. Nakan tsokane shi cewa malami guda yana yi wa yara ƙarya. Sai ya ce ai ba shi ya liƙa wa labarin wutsiya ba.

Ban san me zai yi ba da ya ga ajin yau. Littattafan sun ƙare, ɗalibai suna kallon fim a waya tun kafin mu buɗe shafin farko, kuma ƙarshen fim suke rubutawa a jarrabawa, maki ya zube. Shugaban makaranta ya umarce ni in nuna fim har ƙarshe, sannan in karanto musu bambancinsa da littafi su haddace. Raina ba ya son wannan aiki, amma ba ni da ta cewa.

Bana dai na yi ta maza na gwada dabarar Yaya. Ina zare waya aji ya bushe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Madam, fanka yana aiki fa! Kuma mun gani a fon, ya dawo." Na mayar da waya ina jin kunya, muka kalli rungumar.

Da aka watse, wata ɗaliba mai suna Ayisha ta tsaya. Mahaifiyarta ta tafi Accra dako tun tana ƙarama, daga baya ma waya ta daina shiga.

"Madam, wanne ne gaskiya, buk ɗin ko fim?"

Na ce a jarrabawa ta bi littafi.

"Ba na ezam nake tambaya ba, Madam."

Na rasa inda zan sa kaina. Da ƙyar na ce mata marubucin bai faɗi ko yaron ya dawo ba, ni ma ban sani ba. Sai ta ce, "Gara haka. A gida kowa cewa yake tana nan zuwa."

Sai a ranar na gane don wa Yaya yake zare waya. Yana so yaro irin Ayisha ya ga dukan aji sun tsaya tare da shi a kan tambayar da ba mai amsarta. Wannan ne abin da ya rage mini nasa, kuma ban iya riƙe shi ga aji guda ba, sai ga yarinya ɗaya a bakin ƙofa. Mako mai zuwa wani ajin nawa zai kalli fim har ƙarshe, kamar yadda aka umarta, ni ce kuma zan kunna.

Allah ya haskaka kabarinka, Yaya.