Allon da Lopaka Ya Sassaƙa wa Ƙanensa

Duk unguwarmu ta Makaha, a bakin teku, babu wanda bai san rumfar Lopaka Kahale ba, ko don ƙurar katakon da take aiko mana kan shanya. Ni ce maƙwabciyarsa, kuma na sha zazzaga masa masifa a kan ƙurar nan. Sai ya leƙo, kai fari fat, ya ce, "Yi haƙuri, uwar gida, iskar ce ba ta da tarbiyya."

Masassaƙin allon hawan igiyar ruwa ne, tun zamanin da allo katako ne mai nauyi, sai ƙato ke iya saɓa shi. Lopaka ba ya sassaƙa allo ya ajiye yana jiran mai saye. Sai ka zo ka tsaya gabansa, ya ɗaga ka cak ya ji nauyinka, ya bi ka bakin teku ya ga yadda kake dasa ƙafa, sannan ya taɓa gizago. Cewa yake allo kamar takalmi ne, na wani ba ya yi wa wani.

Ƙanensa Palani shi ne gwanin hawa. A lokacin, samarinmu sun ƙwallafa rai a kan manyan igiyoyin hunturu, waɗanda faffaɗan allo ke zamewa a jikinsu. Palani ya dame shi: "Yaya, rage masa wutsiya mana! Wannan ai ƙyauren ɗaki ka ba ni." Lopaka ya tsuke wutsiyar, ya dasa ɗan fiffike a ƙarƙashinta. Ranar da teku ta tashi, Palani ya shiga da shi. Muna tsaye kan yashi muka ga ya miƙe a kan wata igiya mai tsayin bishiyar kwakwa, sai ta rufe shi. Da yamma allon ya dawo gaɓa, ko ƙwarzane babu. Palani kuwa har yau.

Maza suka shiga ruwa kan allunansu, suka yi da'ira suka watsa furanni, kamar yadda muke yi wa mamatanmu. Lopaka bai je ba. Ya naɗe allon da tsumma ya rataye shi a rufin rumfa, don a unguwarmu ba mai hawa allon wanda ruwa ya ci.

Tambaya ɗaya ta hana shi sakat: wutsiyar nan ce ta kashe masa ƙane? Duk hunturu sai ya sassaƙa sabon allo daidai awon Palani, ya ɗan ƙara faɗin wutsiya ko ya matsar da fiffiken, ya jingine shi jikin bango. Ba ya sayarwa, ba ya ba da aro. Duniya ta koma allon soso, wanda ko yarinya ke ɗauka da hannu ɗaya, shi yana nan kan katakonsa. Na tsani shiga rumfar nan. Alluna jere, tsayinsu ɗaya, kamar mutane sun yi layi suna jiran wanda ya makara. Wani sa'in ina shanya sai in ji yana cewa, "To wannan fa? Taka shi ka ji." Alhali na san babu kowa a ciki sai shi.

Palani ya bar jaririya, Kawehi. Ta girma ta ɗebo tsayin uban da kafaɗunsa da taurin kansa. Wata safiya da teku ke ruri, ina ƙofar rumfar ta shigo.

"Baffa, sauko min da allon babana."

"Ke, kin sha wani abu ne? Ga waɗannan jingine, zaɓi."

"Waɗannan ba su san komai ba. Wancan ne ya je ya dawo."

"Sai dai bayan raina."

"Ran naka ai a can yake rataye tun ina zanen goyo. Ɗaga ni ka ji. In ba nauyinmu ɗaya da shi ba, na haƙura."

Ya ɗaga ta da ƙyar, ya sauke ta, na ga fuskarsa ta canza. Na ce, "Lopaka, in ka ba yarinyar nan, kai da Allah!" Ko kallona bai yi ba. Ya jawo tsani.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar nan ba. Daga nesa, in ta miƙe, wallahi Palani ne sak. Ta hau igiya ta farko, allon ya kama jikin ruwa ya tafi sumul. Ta koma ta hau wadda ta fi ta. Lopaka na tsaye kusa da ni, yana magana ƙasa-ƙasa, ban ji me yake faɗa ba.

Ta fito tana haki tana dariya, ta shimfiɗa allon a gabansa.

"Baffa, allon nan ba shi da aibu. Ban taɓa hawa irinsa ba."

Na ɗauka zai yi murna, don ni har hawaye sun zo min. Sai ya zauna daɓas a kan yashi.

"Tuna da kyau, 'yata. Bai ɗan ja ki hagu ba?"

"Bai ja ba."

"Wutsiyar ba ta zame ba? Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Baffa. Ba laifinka ba ne."

Ya daɗe yana shafa katakon da tafin hannu. Can ya ɗago ya dube mu, ya ce, "To ni yanzu me zan gyara masa?"