Haihuwar Ƙanwata a Hanyar Wara Zuwa Yelwa

Ranar da ƙanwata ta haihu a cikin motar haya, tsakanin Wara da Yelwa, ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abubuwan da na sani.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Wara. Ita kuma tana aure a wani ƙauyen masunta a bakin ruwa, sai Inna ta ɗauko ta goyon ciki, don cikin fari ne. Wata safiya da damina naƙuda ta yi tsanani. Malamar ƙaramin asibitin garinmu ta duba ta, ta ce jininta ya yi ƙasa, mu hanzarta kai ta Yelwa.

A tasha mota ɗaya muka samu, irin bas ɗin nan na gwamnati da aka sa wa na'urar hana gudu, da wata na'urar da ke nuna wa ofis duk inda motar take. Mutanen gari ba sa son su. 'Yan kifi kan ce kafin ka isa kasuwa da su, ɗanyen kifinka ya fara wari. Ni ma a lokacin ra'ayina ke nan. Direban dattijo ne mai furfura a gemu. Da ya ga halin da muke ciki bai jira mota ta cika ba, ya ɗauke mu tare da wasu mata 'yan kasuwa da wani magidanci.

Muna fita gari ƙanwata ta fara nishi, Inna na riƙe da kanta tana salati. Ni ina gaba, idona a kan titi, ina ganin kamar motar tsaye take.

Na ce, "Baba, don girman Allah ka taka motar nan!"

Ya ce, "Malam, dubi ƙafata. Na taka har ƙasa. Iyakar abin da taka yi ke nan."

Magidancin ya leƙo daga baya ya ce ai waya ɗaya ce ke riƙe da na'urar hana gudun, a tsaya a tsinke ta. Dattijon ya girgiza kai. "Ko na iya tsinke ta ba ni yi. Wagga hanya da ramu, ga mace kan gwiwa, in yi ta wurgi da ita?"

Wallahi a lokacin na tsane shi. Sai daga baya na tuna yadda gumi ke ɗiga daga gemunsa, da yadda yake satar kallon Inna ta madubi. Shi ma a matse yake, bai dai da bakin faɗa ne.

Mun shawo wata kwana da dogon gero ya rufe gefenta, kawai sai ga amalanken shanu a tsakiyar titi, ƙafarsa ɗaya ta faɗa rami, mai shi na ta fama. Dattijon ya danne birki. Motar ta ja a kan jiƙaƙƙen titi, matan suka saki salati, muka tsaya kusa da shanun har ina ganin numfashinsu a jikin gilashi. A take na gane cewa da a gudun da nake roƙo muke, da ba wanda zai kai labari.

Nan Inna ta ce, "Ba ta kai Yelwa. Haihuwa ta taho."

Direban ya gangara da motar gindin wata ɗorawa, mu maza muka fita, matan suka kare tagogi da zannuwa. Ba da jimawa ba muka ji kukan jariri. Ban gama hamdala ba ɗaya daga cikin matan ta leƙo ta ce jini ya ƙi tsayawa.

Na zaro waya, amma ban san me zan ce ba. Ina muke? Gonaki ne hagu da dama, ba ƙauye ba alama. Ina cikin wannan ruɗu sai wayar direban ta yi ƙara. Daga ofishinsu ne, sun ga motar ta bar titi ta tsaya, suna tambaya ko lafiya. Ya gaya musu. Mai maganar ya ce kada mu motsa, yana ganin daidai inda muke, kuma akwai wani ɗan asibiti kusa da mu a gaba, zai nemo su.

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Na dai tuna dattijon tsugune a bakin titi, hularsa a hannu, yana addu'a kamar ɗiyarsa ce a ciki. Can sai ga babur ya ɓullo, ɗauke da wata ungozoma da jakarta. Ta shiga motar, ta yi wa ƙanwata allura, ta ɗaura mata ruwa, aka rataye ledar a ƙarfen rufin bas. Da ta fito ta ce, "Ku gode wa Allah. Yanzu a tafi da ita a hankali."

Haka muka ƙarasa Yelwa, ba wanda ya sake cewa a ƙara gudu. An ƙara mata jini, ta warke. Yarinyar da aka haifa yanzu tana zuwa makaranta. Da na je tasha yi wa dattijon godiya, cewa ya yi, "Malam, ni ma ran nan da ina da fiffike da na tashi da ku."

Har yanzu ban ce na'urorin nan ba su da takura ba, kuma ina fahimtar direban da ke jin an sa masa ido. Amma ranar ta koya mini cewa mutum a cikin tashin hankali ba shi ne ya fi sanin gudun da ya dace ba. Ni da na fi kowa son ƙanwata ta rayu, ni ne na yi ta roƙon abin da zai hallaka ta.