Babur Ɗin da Alƙali Ya Bari

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar mijin yayata, wanda shi ne kuma maigidana a sana'a, ta zo ne Talata, tara ga watan Mayu, da hantsi, bayan gajeriyar jinya. Ina tsugune a rumfarmu ta dillancin tsofaffin babura ina duba lambar wani inji, sai babban ɗansa ya kira ni a waya. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Kawu, ka zo gida." Ban tambaye shi dalili ba, na rufe rumfa.

A duk layinmu ba mai kiransa da sunansa. Alƙali muke ce masa, ko da yake bai taɓa taka ƙofar kotu ba, ko a matsayin shaida. Sunan ya bi shi ne domin idan mai saye da mai sayarwa suka yi ta ja-in-ja har jijiyoyin wuya suka tashi, shi ake kira. Zai zagaya babur sau ɗaya, ya tada shi, ya saurara, ya faɗi kuɗi. Daga nan magana ta ƙare.

Alƙali, ka tafi ka bar ni da aikin da ban taɓa zaton zai faɗo kaina ba. Babur ɗinka ne, ja ɗin nan da rana ta cinye fentinsa har ya koma kalar bulo. Kana kwance a asibiti ka riƙe hannuna ka ce kada a jingine shi a zaure da sunan tunawa da kai, babur ɗin da ba a hawa ruɓewa yake yi. Ka ce a sayar, a sa kuɗin a karatun ƙaramar 'yarka. Na ce to. Sanya masa kuɗi bai dame ni ba, wannan ka koya mini tun gashin kaina yana baƙi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayarka, wadda a rumfarmu ba a sallama babur sai an yi wa mai shi ita. Mai babur ɗin kuwa yanzu yayata ce, matarka.

Bari in bayyana wa wanda bai san ka ba. Duk wanda ya kawo maka babur ɗinsa ka sayar, ba ka fara duba inji. Kujera kake ba shi, ka bar shi ya yi magana. Kuma kowa sai ya yi. Wani zai ce a kan babur ɗin nan ya kai matarsa asibiti ranar haihuwar ɗan fari. Wani zai nuna maka sabon madubi da sabuwar rigar kujera da hon ɗin da ya ƙara masa, yana shafa tanki, yana rantsuwa cewa wannan ba irin sauran ba ne. Ni a farko haushi nake ji, ina ganin ɓata lokaci ne, ga masu saye suna wucewa zuwa rumfar maƙwabta. Kai kuwa sai ka ji labarin har ƙarshe, sannan ka ce, "Duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma mai saye, kuɗin inji da taya da takardu zai biya. Sauran naka ne, ba na sayarwa ba ne, ka koma da shi gida." Sai ka faɗi kuɗin da kasuwa za ta bayar, ba ƙari, ba ragi. Na ga ƙarti majiya ƙarfi sun ji kuɗin nan bai yi musu daɗi ba, amma ban taɓa ganin wanda ya tashi yana jin an raina shi ba.

Bayan an daidaita a kan kuɗi ne kake yin tambayar. Kakan sassauta murya ka ce, "To, kana so ka riƙa ganinsa a gari, ko kana so ya ɓace maka?" Amsar da mutum ya bayar, ita ke zaɓen mai saye. Ba kuɗin da aka taya ba.

Ina tuna wani tela da ya sayar da nasa don ya ƙara keken ɗinki. Ya ce shi dai yana so ya riƙa ganin abinsa. Ka ƙi tayin mutum biyu, ka jira har wani mai shagon magani da ke kallon shagon telan ya zo. Aka yi ciniki. Bayan ɗan lokaci mai magani ya dawo rumfa yana ƙorafi, wai ya sayi babur ya haɗa da suruki. Kullum safiya tela sai ya leƙo ya ce masa sarƙa ta yi sako-sako, ko ya tambaye shi yaushe rabon da a wanke shi. Ka yi dariya har hularka ta faɗi, ka ce masa ai ya ci riba, ya samu makanike kyauta. Yau su biyun aminai ne, kuma tare suka zo gaisuwarka a kan babur ɗin nan, tela a baya yana ba da umarni.

Akwai kuma wanda ba a dariya a kansa. Wani dattijo ya turo babur da hannu, bai hau ba, tun daga unguwarsu. Na ɗansa ne, wanda mota ta buge a kansa, Allah Ya karɓi abinsa. Babur ɗin bai wani lalace ba, sabo ne ma kusan. Da ka yi masa tambayar, bai ɗaga kai ba ya ce, "Ya ɓace." Ka tura shi can ƙuryar rumfa ka lulluɓe da tamfol. Masu saye na cikin gari suka yi ta zuwa, har da wanda ya taya fiye da abin da ka sa. Kana cewa albarka. Watanni suka shuɗe, darajarsa tana sauka, la'adarmu tana narkewa a ƙarƙashin tamfol, ni ina ta gunaguni. Sai da wani baƙo daga gari mai nisa ya zo sannan ka sallama, bayan ka gaya masa duk tarihin babur ɗin, ba ka ɓoye komai ba. Ranar da za a tafi da shi ka sa aka ɗora shi a mota a rufe, don kada a bi ta gaban gidan dattijon da shi. Giɓin da aka samu a kuɗin, daga aljihunka ka cike, kuma ka hana ni faɗa. Yanzu dai ba ka nan balle ka harare ni, na faɗa.

Har gobe ina mamakin wannan hali naka. Mu dillalai an san mu da zaƙin baki, kuma ba duka ƙarya ake mana ba. Babur ɗin da ya sha wuya sai mu wanke shi, mu shafa masa mai, mu ce wata malamar asibiti ce ke hawa sau ɗaya a mako. Kai a cikinmu ka rayu, a cikin zafin rana ɗaya da mu, da iyali da buƙatu irin namu, amma ka ɗauki zuciyar mai sayarwa a matsayin wani abu da aka ba ka amana tare da makulli. Ba wanda ya sa ka, ba wanda zai kama ka in ka bari. Idan na tuna, tsigar jikina tashi take yi. Na yi shekaru ina zaune kusa da babban mutum ina lissafin la'ada.

To ga naka babur ɗin a gabana, kuma masu so biyu ne. Na farko ɗan kasuwa ne da ke tara irin waɗannan tsofaffin, ya loda su a babbar mota zuwa nesa, saboda injinsu ba a yin irinsa yanzu. Tayinsa mai kyau ne, ya fi abin da kai da kanka za ka sa. Na biyu mai raba burodi ne a shagunan unguwarku, mutumin kirki mai 'ya'ya, wanda nasa babur ɗin ya mutu murus. Abin da ya iya tayawa bai kai na ɗan kasuwa ba, kuma tazarar ba ƙarama ba ce, za ta biya wa yarinyar nan kuɗin zango guda. 'Ya'yanka suka ce duk abin da mahaifiyarsu ta yanke, shi ke nan.

Ni a raina na riga na yanke mata. Na ce wace mace ce za ta jure ganin wani ƙato a kan babur ɗin mijinta yana wucewa ta ƙofar gidanta kullum? Ɗan kasuwa ya fi, ga kuɗi, ga nisa. Na so in sallama kawai in kai mata kuɗin. Sau biyu ina ɗaukar waya zan kira shi, ina ajiyewa. Rumfarka ce, ban iya karya dokarka a cikinta ba.

Na same ta da la'asar a tsakar gida, a kan tabarma, tana tsince shinkafa a faranti. Na zauna, na yi ta kewaye-kewaye, ina tambayar lafiyar mutanen da na gani da safe.

"Auta," ta ce, don har yau da furfurata haka take kirana, "in maganar babur ce ka faɗa, ka daina zagaye ni."

Na gaya mata masu saye biyu da abin da kowa ya taya. Sannan na yi mata tambayar, yadda kake yi. "Yaya, kina so ki riƙa ganinsa, ko kina so ya ɓace miki?"

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar.

"Ba na son in gan shi," ta ce. "In na ga wani a kai, zuciyata ba za ta ɗauka ba."

Na buɗe baki zan ce to shi ke nan, ɗan kasuwa. Ta ɗaga mini hannu.

"Amma ina so in riƙa jin sa. Ni dama ba ganinsa na saba yi ba, ina cikin gida. Kukansa na sani. Tun yana kan kwana nake gane maigidan ya dawo, in ɗora ruwan shayi. Ka ba mai burodin. Ka roƙe shi ya riƙa bi ta lungun bayan gida, inda katanga za ta tsare mini shi."

Na ce mata tazarar kuɗin fa? Ta ce ita da 'ya'yanta za su san yadda suka yi, ai ba yau suka fara cike giɓi ba a gidan Alƙali.

Duk shekarun da na yi a gefenka, amsa biyu na san tambayar nan tana da su. Ban taɓa jin ta uku ba sai a gidanka. Na fita waje na jingina da bango na yi kukan da ban yi ba ranar da muka kai ka makwancinka.

Mai burodi da na gaya masa sharaɗin, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce lungun zagaye ne a gare shi, amma ko ya fi haka nisa zai bi. Na sallama masa, na miƙa makulli da takardu, ban karɓi la'ada ba.

Safiyar da ya fara fita da shi na je gidan da wuri, ina tsoron abin da zai faru. Muna zaune da ita a tsakar gida, sai ga kukan injin daga bayan katanga. Ta yunƙura za ta tashi, har ta dafa ƙasa, sai ta tuna, ta koma ta zauna. Muka saurara har ya yi nisa ya ɓace. Hawaye na zuba a fuskarta, amma murmushi take yi.

"Shi ne," ta ce. "Sai dai ka gaya wa bawan Allan nan yana saurin canza giya. Maigidan sai ya wuce bakin famfo yake canzawa."

Na gaya masa. Ya gyara.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare Ka. Mun shaida bai ci haƙƙin mai saye ba, bai wulaƙanta mai sayarwa ba, kuma ya tausaya wa bayinka a wurin da ba mai ganinsa sai Kai. Ka tausaya masa fiye da haka. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa maza da mata, da 'yan'uwansa, da duk 'yan layinmu da yanzu za su yi ta gardama ba mai raba su. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya raya abin da ya bari, Ya sa albarka a karatun yarinyar nan. Ke kuma Yaya, Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya ba ki ladan haƙuri, Ya haɗa ku a gidan da ba za ki ƙara sauraron dawowarsa ta bayan katanga ba. Amin.